Gawar da ke Cikin Kwali

Sufeton 'yan sandan da ake yi wa laƙabi da Ba-Sani-Ba-Sabo yana da halaye biyu da duk ofis aka san shi da su: ba ya sassauta wa mai laifi, ba ya kuma bari jana'iza ta wuce shi. Ko ta wane ne, in dai ya ga an ɗauko makara, sai ya soke hularsa a aljihu ya shiga sahu. Cewa yake lada ce ta faɗo gasassa.

Ƙarar da ta kawo shi bayan masallacin wata unguwa kuwa ba ta yau da kullum ba ce. Leburori na haƙa harsashin sabon wurin alwala suka ci karo da ƙasusuwan mutum. Aka kira jami'a, jami'a ta turo wata malama mai tonon kayan tarihi, kowa na kiranta Dakta. Ta yi kwanaki a durƙushe cikin rami da ɗan burushi, ta fito da mutumin gaɓa-gaɓa, ta ɗaura wa kowane ƙashi lamba, ta jera su a kwalin taliya. Motar jami'a ta lalace kamar yadda ta saba, sai aka ajiye kwalin a ɗakin tabarmin masallaci. Da safe ta buɗe kwali, ba kowa. Lambobinta ne kawai a jere tsaf.

"Yallaɓai, mutumin nan ya shekara ɗaruruwa a kwance," in ji Dakta. "Shi ne aikin rayuwata."

Shi ma Sufeto aikinsa ne a kan siraɗi, domin Oga ya gaya masa ta waya: ko ya kawo ɓarawo kafin mako ya ƙare, ko ya koma ba da hannu a shataletale. Saboda haka ya tsaya a bakin ramin ya ɗaga murya yadda har mai shayin tsallake zai ji.

"Wallahi duk wanda hannunsa ya taɓa ƙasusuwan nan, ko da ɗan yatsa ne, sai ya kwana a bayan kanta!"

Yana rufe baki aka kira azahar. Aka idar, Liman ya juyo ya ce akwai gawa. To, kowa ya san sauran. Sufeto ya bar Dakta da mataimakinsa Saje a bakin rami, ya shiga sahun gaba, ya kuma ture wani dattijo ya kama ƙafar makara. Da ya ɗaga sai ya ji ta sakayau.

"Allah sarki," ya ce da na kusa da shi. "Bawan Allah ya sha jinya."

A maƙabarta aka nemi dangin da za su shiga kabari, kowa ya yi tsuru-tsuru. Sufeto ya naɗe wando ya shiga da kansa, ya karɓi mamacin ya gyara masa kwanciya. Ya dawo da jar ƙasa har gwiwa, zuciyarsa fes, ya hau bincike.

Ya kuwa yi bincike, ba a ce bai yi ba. Ya tsare leburori, ya juye musu buhunan siminti. Ya kama wani mai maganin gargajiya, wai matsafa ne kaɗai ke sayen ƙashi, aka kwashe masa kwalabe aka tarar da sassaƙe da garin citta. Har ɗaliban Dakta ya sa suka zazzage jakunkunansu a rana. Mutum ɗaya ne bai tambaya ba, Ladan, tsoho mai riƙe da makullin ɗakin tabarmi, wanda kullum yake miƙo masa buta. Sufeto ya ce shi ɗan halak ne, ba zai tuhumi sa'an ubansa ba.

Ana gobe wa'adi zai cika, uwargidansa ta ɗago kakin da ya sa ran farko daga kwandon wanki, tana yatsina fuska.

"Maigida, wannan kafaɗar taka kafur take yi. Ka sake bin gawar da ba ka sani ba ko?"

Ya ce ta bar shi da abin da ya dame shi. Amma da ya koma ɗakin tabarmi ya cusa kai cikin kwalin don ya ƙara dubawa, ƙamshin nan ne ya buge shi. A gefen kwalin kuma ga wani siririn ƙyalle fari, irin wanda ake yagewa a ɗaure likkafani. Ya sa Saje ya kira Ladan, Dakta ta biyo su.

"Baba, ina mutumin da ke cikin kwalin nan?"

"Yana makwancinsa, ɗana," in ji Ladan hankali kwance. "Na shigo ɗaukar tabarma na tarar da ɗan Adam a kwalin taliya, an rataya masa lamba kamar kayan gwanjo. Na ce wannan ba daidai ba ne. Ni da Liman muka suturta shi."

Dakta ta dafe kai. "Baba! Ba ku ma san ko Musulmi ba ne!"

"'Yata, a bayan masallaci muka same shi. In ma ba shi ba ne, ai maƙwabci ne."

"Me ya hana ka faɗa?" Sufeto ya daka tsawa. "Na juye unguwa kana kallo!"

"Na zaci ka sani, Yallaɓai. Kai fa ka sa shi a kabari."

Saje ya kama tari, tarin da ya ƙi ƙarewa har sai da ya fita waje. Sufeto ya nemi wuri a kan tarin tabarmi ya zauna. Ya tuna rantsuwarsa, da mai shayin da ya ji ta, da yadda ya riƙe mutumin nan hannu bibbiyu. Kunya ta rufe shi.

Ladan ya matso ya dafa shi. "Ba shi da kowa, ɗana. Duk wanda ya san sunansa ya riga shi zama ƙasa. Da aka ce dangi su shiga, kai kaɗai ka motsa. Na ce a raina, ashe Allah Ya ajiye masa ɗa."

Dakta ta buɗe baki za ta yi maganar takardar kotu da sake tonowa, ta dubi tsohon, ta fasa. Sai ta tambaya a hankali ko za a nuna mata kabarin.

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Oga ne.

"An samu masu laifin?"

"An samu, ranka ya daɗe. Sahu-sahu ne, har da liman."

"Kawo min shugabansu!"

"Shi ke magana, ranka ya daɗe."

Yanzu in ka bi ta shataletale za ka gan shi cikin farar safar hannu, yana zazzare wa direbobi ido. Rannan aka zo wucewa da makara. Ya tsai da motoci, ya tari na gaba ya tambaye shi wane ne ya rasu, ɗan wa, kuma da namansa ko babu. Mutumin ya ce baƙo ne, ba a san danginsa ba. Sufeto ya dubi titi, ya dubi makara, ya cire hular ya soke a aljihu.