Naɗin Baban Tangaran

Mijina naɗe kaya yake yi a wani shagon farantai da kofuna. Tun safe har yamma yana tsaye gaban tebur da tsofaffin jaridu da kwali da salatif, amma in ka ji yana ba da labarin aikin sai ka rantse jirgin sama yake tuƙawa. Alfaharinsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa naɗe kofi ya isa gidan mai shi a fashe ba.

Da na haihu, ya leƙa fuskar yarinyar ya ce ai wannan tangaran ce, sunan kuwa ya bi ta. Sai dai Tangaran ba ta yi da ubanta. Ya fita tana barci, ya dawo tana rigima, in ya ɗauke ta sai ta banƙare ta tsala ihu kamar an mintsine ta. Wanka nawa ne, rarrashi nawa ne, nono kuwa ba sai an faɗa ba. Abu ɗaya ya rage masa, naɗin barci. Zai shimfiɗa farin zanenta a kan gado, ya karya kusurwar sama, ya ɗora ta, ya ja dama ya cusa, ya ɗago ƙasa, ya ja hagu, bakinsa na motsi: "A hankali, a hankali, mai fashewa ne." In ya gama sai ya ɗora tafinsa a kai ya ɗan bubbuga, yadda yake wa kwali idan ya rufe. Kafin ya miƙe ta yi barci. Ni kuwa in na naɗa, kafin in juya baya ta zare ƙafa.

Ranar da ta fara juyi ina ninke kaya ne. Na waiga na gan ta rub da ciki a kan shimfiɗa, tana ɗaga kai tana murna da kanta. Na yi ta dariya. Da muka je awo na ba nas labari, ita ba ta yi dariya ba.

"Tunda ta fara juyawa, a daina naɗe ta," in ji ta. "In ta kife hannu a ɗaure, da me za ta ɗago fuskarta?"

Da yamma na faɗa wa mijina, ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

"Nas ɗin ta taɓa ganin naɗina?"

"Baban Tangaran, ai naɗin naka ne matsalar. Ko ƙato ba zai kwance shi ba."

Ya ajiye takalmin. Can ya ce, "To ni kuma me zan riƙa yi mata?"

Na buɗe baki zan tsokane shi, na ga fuskarsa, na fasa. Tausayinsa ya kama ni sosai. Amma zanen dai na ɗora shi can saman sif.

Mun ji jiki a kwanakin da suka biyo baya. Da barci ya fara ɗaukarta sai ta zabura, ta watsa hannuwa, ta mari kanta, ta farka tana neman wanda ya mare ta. Shi kuma ya daina shigowa ɗakin. In ya dawo sai ya zauna a falo yana gyaran fankar da ba abin da ya same ta. Wannan ya fi rashin barcin yi mini ciwo.

Ranar hutunsa, tun azahar take kuka, na zagaya da ita har kafaɗata ta sage. Na kwantar da ita rigingine na leƙa falo.

"Zo ka karɓi 'yarka, ni na gaji."

Ya shigo, idonsa ya tafi saman sif.

"Kada ka soma," na ce.

Ya tsaya a kanta, hannuwansa a sake kamar baƙo. Sai na ga sun fara aiki da kansu. Ya shafa katifar gefenta kamar mai miƙar da zane. Ya karya kusurwar da babu ita. Ya ɗauko iska daga dama, ya biyo da tafinsa ta kan ƙirjinta, ya cusa a ƙarƙashin haƙarƙarinta.

"A hankali, a hankali, mai fashewa ne."

Kukan ya koma ƙunƙuni. Ya ɗago ƙasa, ya ja hagu, sannan ya ɗora tafinsa ya ɗan bubbuga. Tangaran ta yi ajiyar zuciya, hannu ɗaya ya tafi can gefen kunnenta. Ɗayan ya yi ta lalube, ya samu babban yatsansa, wanda kullum yake ɗaure da filasta saboda yankan kwali. Ta damƙe shi, idonta ya rufe.

Na jira ya zare, bai zare ba. Ya durƙusa a bakin gadon a karkace, zaman da na san bayansa zai ba shi labari gobe.

"Abincinka yana hucewa," na ce a hankali.

"Bar shi ya huce." Bai juyo ba. "Kin gani ko? Ashe duk watannin nan ni nake ɗaure hannun da zai riƙe ni."

Na fita na rufe masa abincin da faranti.