Zinariyar Wuyan Evdokia

Shekara arba'in ina tara kuɗin sarakunan Rumawa na Kustantiniya, kuma tun ranar aurenmu na san wanda ke wuyan matata Evdokia jabu ne. Na gaske da guduma ake buga shi. Nata zubi ne, ga layin haɗi a gefensa. Ban taɓa faɗa mata ba. Gadon kakarta ne, ta kuma yarda yana kare mai shi daga kambun baka.

Bayan rasuwarta, ƙanwarta Fotini ta are shi don a maƙala wa jikanta a shimfiɗa har ya yi arba'in, kamar yadda ake yi a garinmu, Serres. Wata uku shiru. Rannan da hantsi sai ga ta. Ta ƙi zama, kofi ma ta ƙi sha.

"Yaya Anestis, na kai shi birnin Tasalonika an duba."

"Jaririn?"

"Ka san abin da nake nufi. Mai shagon ya ce tagulla ce aka shafa wa ruwan zinariya."

"Me ya kai layar jariri shagon dillali, Fotini?"

Idonta na kan akwatin da nake jera nawa, kowanne a gurbinsa.

"Na kakarmu zinariya ne, kowa ya sani. A gidan nan kuma mutum ɗaya ne ya san na gaske da na bogi."

Wato na yi wa matata musanya tana barci. Ina iya ɗauko littafi in nuna mata cewa tun zamanin kakarta ake zuba irinsu ana sayar wa mutanen ƙauye. Amma da ta tafi da jabun, kuma na san a kwandon shara zai ƙare. Shi ne Evdokia ke murzawa da babban yatsa a asibiti, har fuskar sarkin ta kusa shafewa.

Na buɗe akwatin, na zaro mafi kyawun zinariyata, ta ƙarni na sha biyu.

"Ungo. Ba ni wancan."

Ta juya ta a tafin hannu. Ko hudar zare babu a jikinta, amma Fotini ba ta lura ba.

"Da ma na faɗa wa Yaya Evdokia, mai yawan karatu ba abin yarda ba ne."

Ta ajiye jabun a kan tebur ta fita. Kafin Lahadi duk dangi sun ji ni ɓarawo ne, ba a ƙara kirana cin abinci ba. Jabun yana gurbin da na cire waccan. Takardar da ke ƙarƙashinsa har yau sunan sarkin da ke kan waccan zinariyar ne a jiki, ban canza ba.