Katin Sabuwar Shekara na Fusae

"Tsofai-tsofai da ke, ki rusuna wa matar ɗanki don koyon Fotugis?" Tokuji ya tsokani matarsa yana kurɓar shayi.

Fusae ba ta ɗago ba. Katin sabuwar shekara take son aika wa mahaifiyar surukar tata da ke Brazil, cikin harshen matar, da rubutun hannunta. Kati bakwai ta ɓata, kuma kowane karo sai ta sunkuyar da kai ta sake tambayar yarinyar. Yau layi biyu sun fito tsaf.

"Maigida, mu Japanawa muka ce kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce, ta rashin tambaya kuwa har kabari. Daga yau Malama zan riƙa kiranta, ko a gaban baƙinka."