Zinariyar Kande

A Ɗanzomo, idan 'ya'yan mace ba sa zama, akwai dabarar da kowa ya sani: a laƙaba wa jariri sunan banza, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Kande ta bi dabarar nan har ta gaji. Ta haifi Ayashe, ta haifi Barau, duk ƙasa ta rufe su kafin yaye. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, in ta tuna su, ba ta da sunan kirki ko ɗaya da za ta kira a zuciyarta.

Ta ukun ta zo ne bayan mijinta Haladu ya bi masu aikin hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano, bai aiko ko da gaisuwa ba. Liman ya raɗa wa jaririyar Rabi'atu. Da aka zo kan sunan da za a riƙa kiranta, Goggo ungozoma ta ce Ajuji. Kande ta ce a'a, Zinariya.

Goggo ta ce tun da take ba ta taɓa jin 'yar wabi da sunan abin ado ba, wannan ai tallar yarinya ake yi wa mutuwa. Kande ta kafe.

Mata suka ja jiki, kowa na tsoron kada bakinta ya zama sanadi. In ya zama dole, sai su ce "yarinyar nan". Kande ta koma daka ita kaɗai, zuwa rijiya ita kaɗai. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, amma duk sa'ad da ta ce Zinariya, yarinyar ta waigo tana wangale baki, sai ta ji duniya ta yi mata daɗi.

Da damina ta yi tsaka, yarinyar ta fara tafiya ke nan, zazzaɓi ya kayar da ita. Nono ma ta ƙi. Goggo ta shigo, ba gori ba faɗa, ta tsaya a bakin ɗaki.

"Kande, ko suna, ko 'ya."

Kande da kanta ta kai yarinyar juji bayan gida, ta kwantar da ita a kan toka, ta juya baya kamar yadda ake yi. Goggo ta ɗauke ta, ta ɗaga murya ta ce ta tsinci abin da aka yar.

Yarinya ta warke. Mata suka dawo da hira da "ai mun faɗa", kowa Ajuji, Ajuji. Kande ta gode wa Allah, ita ma ta koma kiran ta Ajuji.

Bayan kaka, wata rana a hanyar rijiya, ba kowa sai su biyu, yarinyar na gaba tana bin fara. Kande ta duba gabas da yamma, ta kira a hankali:

"Zinariya."

Yarinyar ba ta waigo ba.