Bam Mai Cikin Fari

Daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu tafin hannuna warin albarushi yake yi.

Na tsinci kaina a wani filin jirgi inda jirage ke kwanci a kan ƙwai kamar kaji, ruwa kuma yana tsattsafowa daga ƙasa yana zuba sama. Wani bunsuru cikin kakin soja, Kanar guda, ya tare ni yana tauna hular kofur ɗinsa.

"Ke ce Lantana ungozoma?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Biyo ni. Naƙuda ta taso."

Sai ga mu cikin jirgi, can sama. Mai naƙudar na kwance a kan katifa. Bam ce, doguwa, koriya, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kanar ya shiga yi mini bayani kamar mai tallan maganin basir. Wai ita ba irin bam ɗin da ke faɗuwa wuri guda ya yi dum ba ce. A iska cikinta ke buɗewa, 'ya'ya su zubo rututu, kowanne da 'yar laimarsa da ido ɗaya mai neman zafin ƙarfe. Da ya hango tankar yaƙi sai ya dira mata a ka, inda sulkenta ba kauri, ya huda.

"Waɗanda ba su samu tanka ba fa?"

"Su kwanta a gona su jira. Yara ne masu haƙuri."

Na leƙa ta taga. Garinmu ne a ƙasa, ba tanka ko ta magani. Ƙarfe mai zafi ɗaya ne a garin kaf: kaskon ƙosan ƙanwata Tabawa a bakin tasha, mutane sun kewaye ta da kwanonin koko.

"Ranka ya daɗe, wancan kasko ne."

"A taswira tanka ce."

"Ƙosai fa ake toyawa!"

"Tankokin zamani ba abin da ba sa yi. Karɓi haihuwa."

Na gyara ɗaurin zani, na durƙusa, na shafa cikin. Yana ta tik-tik.

"'Yar nan, cikin na nawa ne?"

"Na fari ne, Iya," in ji bam ɗin, murya ƙasa-ƙasa.

Na miƙe na karkaɗe hannu. "To, ba zan karɓa ba."

"Me kika ce?"

"Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Wa zai dafa mata ruwan wanka? Wa zai dama mata kunun kanwa? Kai, da wannan gemun?"

"Umarni ne daga sama!"

"Ai a saman muke, ban ga kowa ba sai kai."

Ya zaro bindiga ya saita ni. Bindigar ta dube ni, ta ce, "Gaskiya Iya ta faɗa," ta koma aljihunsa.

"Ni ma kunyar haihuwa nake ji a gaban baƙi," in ji bam ɗin. "Gidanmu wata masana'anta ce a bayan teku. Babana na can yana zana ƙannena a takarda."

Na kama kunnen jirgin na murɗe kamar na jaki. Ya juya. Hayaƙin kaskon Tabawa ya yi ta ƙanƙancewa a bayanmu har ya ɓace.

"Za a harbe ki!" Kanar na ta ihu.

"A harbe. Amma a ɗakin uwarta za ta durƙusa."

Sai ga mu bisa rufin masana'antar. Waɗansu mutane masu fararen riguna suka fito da gudu, suna ɗaga hannuwa.

"Ba nan ba! Ba nan ba!"

"Nan ne mana!" na ƙwala musu. "Ku ɗora ruwa a wuta, 'yarku ta zo gida. Jikoki ne ga su nan, sai kun rasa wurin ajiyewa!"

Cikin ya fara buɗewa. Na riƙe ta gam, na ce, "Yi nishi, 'yar nan, yi nishi."

Nan injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na farka rungume da filo.