Babin Jini na Mufida

Malam Hayatu ne ya kawo mana dabarar, muna ajin ƙarshe a sakandaren 'yan mata da ke Talata Mafara. Ya ce mu yi wa littafin bayoloji gayya: mu huɗu mu raba shi, kowace ta ci nata rabon ta ƙoshi, sannan ta koyar da saura.

Ni na ɗauki tsirrai, don 'yar manomi ce daga Ruwan Gizo. Lantana ta ɗauki ƙasusuwa, Nagode numfashi. Mufida, 'yar Kaya ta wajen Maradun, wadda ta fi mu kai, ta ce a bar mata jini. Makarantar koyon jinya nake nema, kuma ba a shigarta sai da bayoloji. Duk sun san haka.

Na yi nawa har muryata ta dishe. Mufida ce ma mai yawan tambaya, sai ta tatse ki tas kafin ta bar ki. Lantana da Nagode suka yi nasu. Da aka zo kan Mufida, yau ciwon kai, gobe za ta gida. Ni kuwa, sarkin yarda, ko buɗe babin ban yi ba. A garinmu wanda aka nome wa gona ba ya ɓuya ranar ta maƙwabci.

Ranar jarrabawa babbar tambaya ta fito a kan zagayawar jini. Na zauna ina kallon takarda, Mufida a gabana alƙalaminta ko hutawa ba ya yi.

Da muka fito na tare ta. "Mufida, mi munka yi miki?"

"Wallahi Taibatu, ni ban iya koyarwa ba. Bakina sarƙewa shikai."

Na faɗi bayoloji. Na yi kuka, amma na yi mata uzuri, don ba kowa Allah ya ba baki ba.

Bayan sallah na haɗu da wata 'yar garin su Mufida a kasuwar Bakura, tana ta murna ta samu makarantar jinya. Na yi mata barka, na tambaye ta yadda ta yi da tambayar jini.

"Ai Mufida ta fisshe mu," in ji ta. "Duk Asabar sai ta zo gida ta tara mu, ta zana muna zuciya a ƙasa. Ba ki ji iya bayani ba!"