Ƙyallen Tsakiyar Bargo

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin ɗinkin Mai Bargo ya san ba a taɓa mata kwanduna. A jere suke ƙarƙashin taga, kowane aiki da kwandonsa, kowane kwando da tsumman da ta ɗaura masa a hannu don shaida: ja na wata amarya ne, kore na jariri, shuɗi na Direba. Sana'arta haɗa bargo da ƙananan ƙyallaye, a yanka su, a jona, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa shafi a baya, sannan a bi da allura. Ba ta taɓa riƙe aiki ɗaya tal ba. Da safe, lokacin da ido ke da ƙarfi, yanka take yi. In rana ta ɗaga ta hau keken ɗinki. Da yamma ita da ƙanwarta Auta su baje wanda ya isa ɗinkin hannu a kan babban tebur. In ka kuskura ka ce mata wata rana za ta rikice, sai ta kalle ka sheƙeƙe ta ce ita tunda take ba ta taɓa haɗa kayan wani da na wani ba. Gaskiya kuwa ta faɗa, har zuwa safiyar da za a zo karɓar bargon Direba.

Aikin Direba ba irin sauran ba ne. Matarsa ce ta rasu, ya kwaso rigunanta a jaka ya kawo, ya ce a yi wa 'yarsu bargo da su, don za ta tafi karatun jinya wani gari, yana so ta tafi da wani abu na uwarta. Ƙaton mutum, amma ranar tsayawa ya yi a bakin ƙofa yana ta juya makullin mota, ya kasa haɗa ido da kowa. A ƙasan jakar akwai wata rigar zaman gida, rawaya mai ƙananan fararen furanni, ta sha wanki har ana hango haske ta cikinta.

"Wannan ce ta kullum," ya ce. "Ko kaɗan ne, a sa min ita a tsakiya."

Mai Bargo ta juya rigar ciki da bai, wuri ɗaya ta samu mai sauran ƙwari, a baya ƙasan kafaɗa, bai fi tafin hannu ba. A gabansa ta yanke shi. Sauran rigar kuwa ya ninke abinsa ya cusa a aljihu, ya fita.

To, tsarinta shi ne tsakiya ce ƙarshe. An gama komai, an shimfiɗa auduga, an yi ɗinkin hannu ta ko'ina, saura gurbi ɗaya fari fat a tsakiya yana jiran rawayan ƙyalle. Da yamma Direba zai zo da 'yarsa, gobe da sassafe zai kai ta makaranta. Mai Bargo ta jawo kwando mai shuɗin tsumma ta sa hannu. Babu. Ta zazzage shi a tebur, zare ne kawai da guntun alli. Sai ta tuna ai ba a kwando ta sa shi ba, don kar ya yamutse. A gefen keke ta ajiye shi, ta danne da gwangwanin allurai. Ta ɗaga gwangwanin, katako ne kawai ke kallonta. Ta ƙwala wa Auta kira.

"Auta! Kin taɓa min wani abu a kan keke?"

"Ni? Yaya, ina da rai biyu ne da zan taɓa miki keke?"

Suka shiga nema. Suka zazzage kwandon amarya, suka zazzage na jariri, abin da Mai Bargo ba ta taɓa yarda a yi a lokaci ɗaya ba. Auta ta rarrafa ƙarƙashin tebur, ta fito da yanar gizo a ɗankwali da wani almakashi da suka daɗe da haƙura da shi. Aka jawo keke daga jikin bango, aka duba bayan dutsen guga, aka juye kwandon shara a tsakar ɗaki. Mai Bargo tana ta cewa yana nan, yana nan, ba ƙafa gare shi ba.

Can Auta ta miƙe a hankali, ta kama haɓa.

"Yaya, rawaya kika ce? Mai fararen furanni?"

"Ke kuma tun ɗazu me kike nema?"

"Na gan shi. A bargon tsintuwa. Har na ce a raina wannan ya haska gefen."

Mai Bargo ta nemi kujera ta zauna. Bargon tsintuwa abin alfaharinta ne. Keke in ya tashi ɗinki ba ƙyalle a ƙarƙashin allura, zare kan cukurkuɗe, shi ya sa ba ta barin sa fayau. Duk sanda ta kai ƙarshen layi, sai ta ɗauki guntaye biyu daga kwalin ragowa da ke gefenta ta tura masa, ya riƙe su har ta dawo da aiki na gaba. Ba ta ko kallo, hannu ne ke yi. A haka guntaye ke taruwa su zama bargo guda ba tare da an zauna masa ba, Auta ta ƙarasa shi ta kai kanti. Ashe wata rana hannun ya lalubo gefen keke, ya tarar da ƙyalle yankakke tsaf, ya tura. Tsabar tattalinta ne ya kai shi inda hannunta ke kaiwa. Ba wanda za ta ɗora wa laifi, kuma wannan ya fi komai ci mata rai.

Ko mayafi ba ta gyara sosai ba ta fita. Ta tsallaka titi, wani mai babur ya zage ta ba ta ji ba. Mai Kanti na zaune bayan teburinsa yana ɓare leda, ta wuce shi ta nufi inda yake rataye barguna, ta ɗaga wannan ta ɗaga wancan.

"Lafiya, Mai Bargo? Ko gaisuwa babu?"

"Na tsintuwar nan da Auta ta kawo, ina yake?"

"Ai ko kwana bai yi ba. Wata mata ce ta sauko daga motar haya da yaro a kafaɗa, ta ce sanyi na damun sa a hanya, ta saya ta koma mota."

"Wace mata? 'Yar ina ce?"

"Haba, ina zan sani? In kowa ya shigo sai na tambayi gidansu, wa zai ƙara shigowa? Ki yi min wani irinsa dai, yana tafiya."

Ta dawo ɗaki jiki ba ƙwari. Bargon Direba na shimfiɗe a tebur da farin gurbinsa, ta kasa kallon sa. In ta aika a karɓo sauran rigar, ta tona wa kanta asiri, kuma ko an kawo ba inda zai riƙe zare. In ta faɗi gaskiya, da wane baki za ta ce wa mutumin nan abin da ya ba ta amana yana can a wata mota, an rufe ɗan wata da shi?

"Yaya," Auta ta ce ƙasa-ƙasa, "yadin nan fa ba daga sama ya faɗo ba. Akwai irinsa a kasuwa."

"Rufe min baki."

Auta ta rufe. Mai Bargo ta zauna tana kallon rana na matsowa kan kwanduna. Kafin ta kai kan na ƙarshe, ta tashi ta ɗauki jakarta.

Shago na nan, shago na can, sai a wajen wani tsoho a lungu ta samu mai kama da shi. Ko daidai ne, ko ba daidai ba, ba ta da abin gwadawa sai idonta, shi kuma yau ta daina yarda da shi. Ta dawo ta jiƙa shi a ruwan zafi da sabulu, ta cuɗa, ta murza a bakin bokiti, ta shanya a rana, ta sake wankewa, har launin ya kwanta. Ta goge, ta yanka, ta zauna ɗinki. Ita da ke zura zare ba ta duba ba, yau sai da Auta ta zura mata. Da ta gama, aikin ya yi kyau ƙwarai, kyan nan kuma ya ƙara mata kunya.

Rana ta yi sanyi suka ji tsayuwar mota. Direba ya shigo da sallama, 'yarsa na biye, doguwa mai shiru-shiru. Auta ta tuna tana da wanki a baya, ta sulale. Mai Bargo ta warware bargon a tebur.

Direba ya bi shi da ido, ya nuna wani kore ya ce wannan ta zuwa unguwa ce, ya nuna wani ya yi ɗan murmushi. Da ya zo tsakiya sai ya ɗora ƙaton tafinsa a kan rawayan ƙyallen, ya rufe shi ruf. Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Ita ce," ya ce. "Wallahi kamar ta fito daga ɗaki. Allah ya saka miki da alheri, baiwar Allah."

Mai Bargo ta kau da kai. A waje wani ya danna ham, ya sake dannawa, motar Direba ta tare hanya. Ya share fuska da hannun riga ya fita da sauri, da alama ma daɗin fitar ya ji.

Yarinyar ta matso. Ta shafa ƙyallen da ɗan yatsa, ta ɗan murza shi, ta daɗe tana kallo.

"Inna," ta ce, ba ta ɗago ba, "wannan ba nata ba ne."

Mai Bargo ta dafa tebur.

"Tun da mahaifiyata ta kwanta ciwo ni nake wanke rigar nan. Na san ta. Ina nata yake?"

Ba sauran wurin ɓuya, Mai Bargo ta faɗa mata komai: gefen keke, kwalin ragowa, kanti, matar da ta sauko daga mota. Ba ta rage ba, ba ta nemi uzuri ba, hawaye na bin fuskarta. Ta ce laifinta ne ita kaɗai, bari baban ya shigo ta faɗa masa da bakinta.

"A'a," yarinyar ta ce da sauri. "Don Allah kar ki faɗa masa. Rabon da in ga ya yi maganarta bai tashi ya bar wurin ba, na manta. Ki bar masa."

Ta fara ninke bargon da kanta, ta mayar da tsakiyar ciki. Sai da ta rungume shi a ƙirji muryarta ta karye.

"Amma in matar ta sake biyowa ta nan, ki karɓar min nata. Ko ya yage ina so."

"To," Mai Bargo ta ce, alhali ta san matar ba za ta biyo ba.

Direba ya leƙo yana murmushi, idanunsa jajur, ya ce su tafi kar dare ya yi musu. Yarinyar ta gyara fuska kafin ta juya, ta ce masa bargon ya yi kyau, Baba, ta bi bayansa.